Kunnen Wuƙar Baba

Bakin Kasuwa, Kankiya.
Kwana goma sha biyar da haihuwa.

Zuwa ga mai ɗakina Zuliha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jego, yaya ruwan zafi, yaya 'yar nan taku mai kuka? Yaya Baba da Inna da sauran mutanen Kusada? Allah ya raya, ya ƙara miki ƙarfin jiki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da wayarki ta faɗa tukunyar wanka ta dahu tare da ganyen darbejiya, waya ɗaya ta rage a gidanku, ita ce ta Baba. Ke ma kin san ba zan kira surukina in ce ya miƙo mini matata ba. Sau biyu na danna lambar, ina jin ya yi gyaran murya na kashe. Shi ya sa na ba Lawal mai babur wannan, tunda kullum sai ya kai fasinja garinku.

Gida ba daɗi. Tuwon da na tuƙa jiya, kajinki ma zagaye shi suka yi suka wuce. Amma rashinki ya jawo alheri guda. Aljihun wandona ya huje, ba mai ɗinke mini, wuƙata mai naɗewa ta zurare ta nan sau uku a mako ɗaya. Rannan wani malamin makaranta ya kawo gyaran fartanya maƙera, ya sunkuya, na ga bironsa ko motsi bai yi ba, saboda ɗan ƙarfen nan da ke cije bakin aljihu. Na ce yanzu biro ya fi wuƙa gata ke nan? Na samo tsohon bakin zarto, na yanki kamar tsawon yatsa, na ba shi wuta na lanƙwasa, na huda mariƙin wuƙata na ɗaure shi da 'yan ƙusoshi biyu. Na raɗa masa suna kunne. Na maƙala ta a aljihun gaba na yi ta tsalle, har mai shayi ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Wuƙa na nan daram.

To ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Kin tuna ranar suna Baba ya ba ni wuƙarsa mai mariƙin ƙahon sa, wadda ya gada daga kakansa? Washi kawai ya ce in yi mata, kuma sau biyu ya faɗa. Na wasa ta, Zuliha, har tana aske gashin hannu. Amma tana ajiye a gabana, ga kunne ɗaya ya rage a kan uwar maƙera, sai na ga kamar don ita aka yi shi. Na tuna yadda Baba ke laluben aljihu har gwiwar hannu duk sanda zai fere rake. Kafin in gama tunani, hannuna ya riga ya huda.

Na sani tun ina neman aurenki yake cewa aibina ɗaya ne, ba na barin abu yadda na ishe shi. Amma wannan karon gyara ne, zai gani da idonsa.

Ga ta nan a naɗe cikin tsumma. Kada ki ba shi sai ya ci tuwo ya sha ruwa, kuma ki fara ɗora masa jikarsa a cinya.

Ki gaida Inna da kyau. Ki huta lafiya.

Naki,
Mamuda maƙeri, wanda Kankiya ke kira Gajere.


Bakin Kasuwa, Kankiya.
Kwana ashirin da uku da haihuwa.

Zuliha,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Yaya jiki, yaya mai kukan? Allah ya sa kunun kanwa na karɓar ki.

Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ashe laifina ne da na gaya miki sunan abin, ke kuma kika faɗa masa. Da na ce maƙali, da wataƙila an tsaya a harara. Amma kunne! Kin ce ya juya wuƙar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a wata ɗaya an huda wa jikarsa kunne an huda wa wuƙar kakansa kunne, saura a ɗaura mata zane a kai ta Islamiyya. Na yi dariya a nan, ban ɓoye miki ba. Dariyar ta tsaya da na zo inda ya ce ba za ki dawo ranar arba'in ba sai wuƙa ta koma yadda take, ba huji ko ɗaya, in ya so ki zauna har yaye.

Yaye, Zuliha! Kusan shekara biyu ina cin tuwon hannuna. Ba zan kai ba.

Matsalar ita ce maƙeri ya iya huda abu, bai iya mai da huji ba. Na gwada a kan guntun ƙaho, na cika ramin da ƙaro da garin ƙahon, ya bushe ya fito kamar tabon zanzana. In kuma na sake mariƙin baki ɗaya, ta tashi daga wuƙar kakansa ta koma wuƙar Gajere.

Ranar Juma'a ni ne na kawo itacen wankan da kika ga an shigo da shi. Na tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, na durƙusa a zaure. Baba ya amsa gaisuwata da kalma ɗaya, sannan ya aika aka karɓo masa wuƙar yankan albasar Inna, ya zauna yana fere rake da ita a gabana, a hankali, gaɓa bayan gaɓa, ko kallona bai yi ba. Sanda biyu ya sha. Ƙafafuna suka mutu. Abin da ya hana ni neman sallama shi ne ina jiyo kukan yarinyar ta bayan katanga, da muryarki kina rarrashi. Na ji kewarku ta kama ni har na manta kara nake yi.

Amma akwai abin da na gani. Wuƙar tana maƙale a aljihun gaban rigarsa, kunnen yana ta ƙyalli. A hanya na tambayi Lawal, ya ce ai shaida Baba ke yawo da ita. Ƙofar masallaci, majalisa, kasuwa, duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya zaro ta ya nuna masa ta'asar da surukinsa ya yi. Don ya tabbatar musu abin banza ne sai ya mai da ita aljihu ya sunkuya ya girgiza riga, ita kuma ta ƙi faɗuwa, shi kuma ya ƙara fusata.

Tun ranar Asabar maƙera ba masaka tsinke. Mutanen Kusada, na Kunduru, na Rimaye, har da wasu Fulani biyu, kowa da wuƙarsa a hannu, wai a yi musu irin ta'asar da aka yi wa tsoho. Bakin zarto ya ƙare a Kankiya. Don Allah kada wannan ya kai kunnensa. Kin ga, na sake faɗin kalmar.

Ki sa baki wajen Inna ko za ta sa baki.

Naki mai nadama,
Mamuda.


Bakin Kasuwa, Kankiya.
Kwana talatin da biyu da haihuwa.

Zuwa ga malama Zuliha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida ɗalibinki cikin ladabi, ina gaida 'yar da ke hana aji zama lafiya.

Kin rubuto kina tambaya ko na san abin da ya sami Baba, da ya kira ki bayan la'asar ya rufe ƙofar zaure ya ce ki koya masa rubuta sunansa da boko. Na sani, domin Lawal yana wurin, kuma na san ba a kawo labarin cikin gida ba.

Wasu baƙi ne suka zo daga Katsina koya wa manoma ajiyar wake ba tare da ƙwari sun ci ba. Aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kujeru shida a gaba. Baba ya nufi tabarma yadda ya saba, sai wata jami'a a cikinsu ta hango ƙarfe na ƙyalli a bakin aljihunsa. Ta ɗauka biro ne. Ta taso da kanta ta rusuna, ta ce tsofaffin 'yan boko irinsu ai ba sa zama ƙasa, ta kai shi kujera ta farko, kusa da hedimasta. Aka ba shi ruwan roba mai sanyi. Lawal ya ce Baba ya buɗe baki zai fara bayanin ta'asa, sai ya dubi abokansa a tabarma suna kallonsa, ya rufe bakin, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Da aka gama, aka zagayo da takardar sa hannu. Ta miƙa masa, ta tsaya jiran ya zaro bironsa. Baba ya dafe aljihu ya ce tawada ta ƙare. Ta ba shi nata. Ya ce ya baro tabarau a gida, mutumin da ke hango akuyarsa daga bayan gari! Ƙarshe hedimasta ne ya rubuta masa. Baƙin sun ce za su dawo bayan an gama girbi, kuma ta ce kujerarsa na nan.

Na yi dariya har na ƙone yatsa. Daga baya kuma na zauna na yi tunani. Shekara saba'in mutum yana dangwala yatsa a bayan layi, rana ɗaya aka ce ya zauna a gaba. Ni ban yi nufin haka ba, aljihu kawai na so in rage masa wahalarsa.

Sai dai ni ne dai a ƙasa. A da fushi ne ya riƙe ki, yanzu karatu ya ƙaru a kai. Kin ce kwana huɗu yana kan harafin farko, kuma kullum sai ya rubuta shi a juye, yana kallon baya. Ina roƙon ki, ki tsaya a kan haruffan sunansa kawai. Kada ki nuna masa akwai wasu. In ya ji suna da yawa, yarinyar nan za ta yi haƙora a Kusada.

Saura kwana takwas. Na shafe ɗaki, na wanke randa, na ɗinke aljihuna da kaina, ɗinkin da ba zan so ki gani ba.

Naki mai jira,
Mamuda.


Bakin Kasuwa, Kankiya.
Laraba, kwana arba'in da huɗu.

Zuliha tawa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da Inna da Baba. Yaya Halimatu Sa'adiya? Eh, na rubuta sunanta, 'yar fari ce na sani, amma takarda ba ta jin kunya kuma ba wanda zai gani sai ke.

Ranar arba'in na sa sabuwar riga na zauna a ƙofar maƙera, ban hura wuta ba. Duk babur da ya ɓullo ta hanyar Kusada sai na miƙe. Har aka kira magariba ba ke ba saƙo. Kwana huɗun nan ban huda ko wuƙa ɗaya ba, masu zuwa na ce musu kunne ya ƙare. Raina ya ɓaci da kaina ƙwarai, domin ba wanda ya raba ni da iyalina sai hannuna.

Yau da hantsi Lawal ya tsaya ya miƙo mini tsumman nan dai da na aika kwanaki. Na buɗe na ga wuƙar Baba. Na ce shi ke nan, an dawo mini da ita ne in san inda zan samo ƙahon da ba huji. Sai na ga takarda a naɗe a jikin kunnen, an yago ta daga littafinki. Rubutun ba naki ba ne. Manya-manyan baƙaƙe ne, wasu na hawa wasu na gangara, an danne biro har ya fasa takardar wuri biyu. Ashe ba ki ji roƙona ba, kin nuna masa sauran haruffan. Ga abin da aka rubuta:

KUNE YA SAKI. GYARA. ZO JUMA KA DAUKI IYALINKA.

A ƙasa kuma ga sunansa, cikakke, harafin farko yana kallon gaba yadda ya kamata. Lawal ya ce in karanta masa a fili. Na karanta har zuwa iyalinka na tsaya, don sunan nan ban taɓa faɗin sa da bakina ba, ba kuwa yau zan fara ba. Ya ce me ya sami idona, na ce hayaƙin gawayi ne. Bai tuna mini cewa ba a hura wuta ba, Allah ya saka masa.

Na duba wuƙar. Ƙusa ɗaya ce ta yi sako-sako, saboda yawan zarowa ana nuna wa jama'a. Na buga ta sau uku ta zauna. Ina riƙe da ita na lura a gindin mariƙin akwai wurin da ɗan zobe zai yi kyau, na rataya. Na naɗe ta da sauri na ba mai shayi ajiya har jibi.

Saura abu ɗaya in gaya miki. Kin ga kunnen da Baba ya rubuta, harafi ɗaya ya faɗi a tsakiya, kuma akwai fili daidai shigarsa. Biro na hannuna, Zuliha. Har na cire murfin, har na kai bakinsa kan takardar. Sai na mai da murfin, na ninke ta, na sa a aljihun gaba. Na bar ta yadda na ishe ta.

Ki haɗa kaya. Ina nan tafe Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ki ce wa Inna ta ɓoye wuƙar albasa.

Naki har kullum,
Mamuda Gajere.