Fayiloli Arba'in da Ɗaya da Aka Ce Na Ɓatar

Yusha'u Audi,
Mataimakin Jami'in Bayanai,
Layin Masallaci, Unguwar Shanu,
Kaduna.
13 ga Maris, 1997.

Zuwa ga Daraktan Mulki,
Cibiyar Tattara Bayanan Rijiyoyi,
Hanyar Mando, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DAKATAR DA NI A KAN FAYILOLIN DA BA SU ƁATA BA

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina gabatar da ƙorafi a kan shugaban sashenmu, Malam Datti Alhassan, kamar haka:

1. Ranar Talata, 4 ga Maris, bisa umarninsa, na kwashe fayiloli arba'in da ɗaya na binciken rijiyoyi daga tsohuwar kwamfutar sashe a kan faifai uku, na zuba su cikin foldar rahotanni a sabuwar kwamfutar da ke ofishinsa. Na ƙirga su sau biyu. A ranar aka mayar da tsohuwar sito bayan an goge ta, shi kuma ya karɓe faya-fayan ya ba sakatariya ta zuba wasiƙu a kansu.

2. Ranar Alhamis, 6 ga wata, ya buɗe foldar, ya ce bai ga komai nawa ba. Bai kira ni ba. A gaban ma'aikata ya karanta mini takardar tuhuma, ya ce digiri ya sa na raina manya, na ɓatar da aikin shekara uku da gangan. Aka dakatar da ni, saura mako shida a tabbatar mini da aiki.

3. Na yi kwanaki ina tuhumar kaina fiye da yadda ya tuhume ni, har na gano inda gizo yake saƙa. Batirin agogon tsohuwar kwamfuta ya daɗe da mutuwa, duk abin da aka rubuta a cikinta yana ɗauke da ranar 1 ga Janairu, 1980. Sabuwar kuwa an tsara ta tana jero sababbi a sama, tsofaffi a ƙasa. Foldar na da fayiloli sama da ɗari biyu. Nawa suna can ƙasan jerin. Malam Datti, da dukkan girmamawa, abin da ya bayyana a allo kawai yake karantawa, kamar sanarwar da aka liƙa a bango. Ban taɓa ganin ya gangara ƙasa ba. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

4. Na rubuta masa wannan bayani ranar 10 ga wata. Ya mayar mini da takardar ba sa hannu, ya ce ƙaramin ma'aikaci ba ya taɓa na'urar ofishin shugaba sau biyu. Ya lulluɓe ta da mayafinta, ya kulle ɗakin, mabuɗi na aljihunsa.

5. Mafi muni, na samu labarin ya kira mai gyara ya zo ranar Litinin, 17 ga wata, ya wanke kwamfutar gaba ɗaya, wato ya goge duk abin da ke cikinta, wai na sa mata cuta. In aka yi haka, ƙaryar da aka yi mini za ta zama gaskiya, da hannun wanda ya yi ta.

Saboda haka ina roƙo, ranka ya daɗe, a dakatar da mai gyaran, a kuma ba ni minti biyar a gaban kwamfutar, a gabanka ko wakilinka. Ba ma sai na taɓa ta ba, tunda hannuna ne abin ƙyama. Malam Datti ya zauna da kansa, ya danna maɓallin da ke gangarawa ƙasa, ya riƙe shi. In fayilolin ba su fito ba, a sallame ni nan take, ba zan ɗaukaka ƙara ba. In sun fito, a janye tuhumar a rubuce, da sa hannunsa.

Allah ya ƙara maka girma da adalci.

Naka mai biyayya, wanda ke jiran amsa kafin Litinin,

Yusha'u Audi