Irin Kabewar Baba

Malam,

Ba zan iya jiran dawowarka daga Birnin Kudu ba. An aiko daga Gwaram cewa ƙanwata Kubra tana kan gwiwa, ga Yaya Ƙasimu ya zo tafiya da ni.

Na yi maka ɓarna, gara ka ji daga gare ni. Jiya baƙi suka sauka, gyaɗa kuma ta ƙare. Na ga 'ya'yan kabewa a faifai ƙarƙashin rumbu, na ɓare, na daka, na zuba a miya. Sai da aka cinye Inna ta ce ai na ƙatuwar nan ne da mutum biyu suka ɗauko daga gonar bayan gida, irin da marigayi Baba ya bari. Wallahi na ɗauka na ƙananan ne. Ka yi haƙuri.

Na tsuguna gindin turmi na bi ƙasa ina tsinta, na sami goma sha ɗaya. Na latsa kowanne da yatsa. Huɗu ba komai a ciki, bakwai na da ƙwaya. Suna cikin ƙoƙo a kan gadonka. Kada ka shanya su a rana. Ka bar su a inuwa su bushe sarai, sannan ka cuɗa su da toka, ka zuba a gora, ka toshe bakin.

Na kasa haɗa ido da Inna, amma ita ta ce in gaya maka: da ƙwaya uku Baba ya zo daga Zandam.

Batulu