Katin Soja

Litinin, 3 ga Yuni, 2024

Mika mai shagon kwamfuta ya buga mini katunan yau. Na yanka su da almakashi, na manna a kan kwalin taliya don kada su yage. Wasa ne da na samo a intanet. Kwando biyu: ɗaya na "is", abin da yake nan yanzu, ɗaya na "was", abin da ya wuce. Kowane kati da hoto da jimla mai gurbi a tsakiya. Ki zari kati, ki cike gurbin, ki jefa a kwandon da ya dace.

Matan ajin Turanci na yamma a coci sun gaji da allo, ni ma na gaji. Su goma sha huɗu ne, rabinsu sun haife ni, amma Malama Joyce suke ce mini, kaina kuwa sai kumbura yake. Na ƙara doka ɗaya daga kaina: kowa ta amsa da gaskiyar gidanta. Har na yaba wa kaina da wannan dabara.

Laraba, 5 ga Yuni

Ba zan iya rubutawa yau ba.

Alhamis, 6 ga Yuni

To, bari in rubuta, tunda ko abinci ya ƙi shiga.

Wasan ya yi daɗi da farko. Na raba su gida biyu, ana ihu, ana tafi. Jessica mai sayar da atamfa ta zari "I ___ a baby", ta ce "is", aji ya fashe da dariya, wata ta ce a kawo mata goyo. Maki shida da shida. Saura kati ɗaya, kuma Anti Theresa ce a layi.

Anti Theresa mai ƙosai a bakin tasha. Mijinta, Saje Dominic, an tura shi arewa maso gabas, yau shekara biyu da wata huɗu ba labari. Ba gawa, ba takardar mutuwa. Ranar da ta shigo ajina ta faɗa mini dalilinta: tana so ta rubuta wa manyansa wasiƙa da hannunta, ta gaji da masu rubuta mata abin da ba ta ce ba. Na sani. Duk na sani.

Katin ya fito: hoton mutum da kaki, "My husband ___ a soldier." Ni na yanka shi, ni na manna shi, ban ko tsaya na yi tunani ba. Ta karanta a hankali, harafi harafi, ta ce "is", ta nufi kwando.

Sai bakin nan nawa. Na ce, "A'a Anti, ke ai 'was' za ki sa." Kuma ban tsaya nan ba, wayyo ni. Na juya ga aji, na maimaita dokar da murya irin ta malamai: abin da ya wuce, wanda ba ya nan yanzu. Na ba ɗaya ɓangaren maki.

Ba wadda ta yi tafi. Ruwa ne kawai ke dukan kwanon rufi. Ta tsaya tsakanin kwandunan, ta ce, "Malama, an aiko miki ne?" Ba da faɗa ba. Da gaske take tambaya, ko na ji wani abu da ba ta ji ba. Na ce a'a. Ta ajiye katin a kan benci, ta ɗaura ɗankwalinta, ta fita cikin ruwan ba lema.

Asabar, 8 ga Yuni

Na zagaya ta bayan makaranta zuwa kasuwa don kada in wuce tasha. Ni, da girmana.

Lahadi, 9 ga Yuni

Anti Theresa ta zo coci. Tana layi na uku inda ta saba. Na zauna can baya bayan ginshiƙi, na fita kafin addu'ar rufewa. Jessica ta cim mini a bakin ƙofa, ta ce, "Malama, duk garin nan mun san abin da muke tunani, amma ke kaɗai kika ba shi maki."

Litinin, 10 ga Yuni

Ba ta zo aji ba. Mata tara kawai. Na koma kan allo, ba wadda ta tambayi kwanduna.

Abin da ke cina: shekara biyu tana cewa "Mijina soja ne." Da Hausa haka ake faɗa, ko yana bariki ko yana kabari, soja ne. Ba wanda ya taɓa matsa mata ta zaɓa. Turanci ne ba ya barin mutum ya tsaya a tsakiya, ni kuma na ɗauko shi na kai mata har gaban jama'a, da hoto da komai.

In ba ta dawo ba, wasiƙar nan ba za a rubuta ta ba. Sakin layi ɗaya muka yi.

Laraba, 12 ga Yuni

Ba ta zo ba. Katin yana cikin jakata, na kasa yarwa, na kasa kallo.

Jumma'a, 14 ga Yuni

Na je tasha da safe. Sau biyu na wuce ta kamar mai neman mashin zuwa garin Ribah. A na uku ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Malama, ƙosai za ki saya ko sintiri kike yi?"

Duk jawabin da na shirya ya gudu. Na durƙusa gefen kaskon, hayaƙi na shiga mini ido, na ce, "Anti, ki yafe mini. Ban san komai ba, bakina ne." Ta ci gaba da juya ƙosai. Can ta ce, "Kwana uku ban yi barci ba. Na ce mai ilimi ce, wataƙila ta gani a waya." Nan na so ƙasa ta buɗe. Ashe ba zafin magana kawai na ba ta ba, makoki na sa ta.

Ta ƙulla mini ƙosai a leda, ta ce in tashi, ina tare mata masu saye. Ba ta ce ta yafe ba.

Litinin, 17 ga Yuni

Mata goma sha ɗaya. Ba ita.

Laraba, 19 ga Yuni

Ta zo bayan an tashi, ina share allo. Ba ta zauna ba. Ta ciro takarda daga cikin littafin waƙoƙinta, ninki huɗu, da tabon mai a gefe. Wasiƙar ce. Ita kaɗai ta ƙarasa, shafi guda cur.

Kurakurai kam sun fi ashirin. Na laluba jaka, hannuna ya taɓa jan biro, na sake shi, na ɗauko fensir. Muka bi layi layi daga ƙasa zuwa sama, don na ji tsoron saman. Ta lura. Da muka gama ta ɗora yatsa a kan layin farko, a kan "is", ƙaramar kalmar nan mai harafi biyu, ta ce, "Wannan fa, Malama? Kada ki ji tausayina. In kuskure ne ki faɗa, kada su yi mini dariya a ofis."

Na ce, "Daidai ne, Anti."

Ta dube ni. Na sake faɗa. Ta ninke takardar.

Litinin, 24 ga Yuni

Mata goma sha huɗu. Jessica ta ce a dawo da kwanduna, aka dawo da su, ban sa dokar gaskiyar gida ba. Katin soja yana nan cikin jakata.

Na kai wasiƙar wurin Mika ya buga. Ya karanta layin farko, ya ɗago, ya ce, "Malama, nan ba 'was' ba ne?" Na ce ya buga yadda ya gani. Ya ce kwafi nawa? Na ce uku: ɗaya na ofis, ɗaya nata, ɗaya a ajiye wa Saje ya ga rubutun matarsa.

Sai da na hau mashin na ji abin da na faɗa. Ban koma na rage kwafin ba.