Baba Ya Raba Mu Sansani Biyu

Rangun, 14 ga Janairu, 1942

Zuwa ga yayana Heskel,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allahn kakanninmu Ibrahim da Ishaku da Yakubu ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Kalkatta, kai da matarka Rahma da yara. Mu nan da sauƙi dai za a ce. Tarin Baba ya lafa, ƙafar Gwaggo Hatun tana nan yadda ka san ta, ƙanenmu Nissim kuwa ya rame sai wuya. Tun da jiragen Japan suka zubo mana bama-bamai a watan jiya rabin layinmu ya watse, mai kawo madara ma ya gudu, a majami'a da ƙyar ake haɗa maza goma na addu'a.

Gaisuwa ke nan. Yanzu ka gyara zama, Yaya, don raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Ka yi ƙoƙari ka samo mana wurin mutum shida a jirgin ruwan da zai tashi gobe Alhamis, mun gode. To me ya kai ka cika sauran shafin takardarka da wa'azi? Ka ce wai Baba ya tuna abin da Yakubu ya yi da ya ji Isuwa na tafe da mutum ɗari huɗu: ya aika kyauta, ya yi addu'a, ya yi shirin faɗa, ya kuma raba mutanensa sansani biyu don in an bugi ɗaya ɗayan ya tsira. Kai kana can kana kurɓar shayi, ka rubuta don a san ba ka manta karatu ba. Sai ka ce ba ka san Baba ba! Shi in ya ji abu daga Attaura, umarni ne aka ba shi da sunansa.

Washegarin zuwan takardar ya fara. Ya ware bandir uku na yadi da akwatin ganyen shayi, wai kyautar babban sojan Japan. Gwaggo ta tambaye shi ko tsani zai kafa ya miƙa wa jirgin sama. Ya ɗora mana azumi. Ya ba Nissim bokitin yashi da usur, wai shirin faɗa ke nan. Duk wannan na haɗiye, har dariya na yi a ɓoye. Sai ranar Lahadi ya tara mu ya ce ya bai wa maƙwabta wuri uku daga cikin shidan. Teku akwai abokan gaba, gari akwai abokan gaba, don haka ba zai zuba zuriyarsa duka wuri ɗaya ba. Gwaggo da ni da Sima za mu tafi. Shi da Nissim da Toba za su zauna.

Toba, Yaya. 'Yata mai shekara goma sha ɗaya, wadda in jiniya ta yi kuka take ƙanƙame ƙanwarta Sima har sai na ɓamɓare yatsunta. Tun rasuwar ubansu ba su taɓa kwana a shimfiɗa daban ba. Baba ya ce dole gidana ma a raba shi, kuma ana bukatar mace da za ta kunna fitilar ibadar ranar Asabar. Wato a bar yarinya ƙarƙashin bam saboda lagwani da mai!

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce masa ni ma ina da kunne, shekara talatin ina jin karatun nan daga benen mata a majami'a. Yakubu bai ƙwace ɗa daga uwarsa ba, kowace mace da 'ya'yanta ya tsayar da ita, sannan shi da kansa ya wuce gaba ya tari Isuwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wadda ke sauraro daga bene rabin karatu take ji, sauran rabin hira ce. Na je wurin malamin majami'a. Ya shafa gemu, ya ce ai ina da gaskiya, ceton rai yana gaba da komai, amma ba zai shiga tsakanin mutum da iyalinsa ba. Shi kansa akwatunansa a ɗaure suke a bakin ƙofa.

Abin da ya fi ƙona min rai, Baba ba mugunta yake yi ba. Na same shi a shago yana kuka, yana shafa ɗankwalin Toba. Ya yarda har zuciyarsa cewa tsare mu yake yi, kuma kai ka ba shi hujjar.

Gwaggo ce ta samo mafita. Ta ja ni madafa ta ce, "Ke Farha, share hawayen nan, kin cika ni da majina. A bakin jirgi wa ke karanta suna? Kawuna suke ƙirgawa, uku aka ce, uku za su gani." Saboda haka gobe Toba za ta raka mu a matsayin mai riƙe ƙunshin abinci. In an zo hawa, ita za ta bi Gwaggo da Sima, ni in tsaya a ƙasa. Baba ba zai sani ba sai ya ga na dawo gida. Yana son mace mai kunna fitila, to ga ni. Ya yi fushin da zai yi, na shirya masa.

Kada ka ɗauka ba na tsoro. In wani abu ya sami jirgin nan, ni da hannuna na sa su biyun a ciki, kuma Baba zai zama mai gaskiya. Na auna, na zaɓa. Sima ba ta san ba zan hau ba, za ta yi ta ihu, ku yi haƙuri da ita. Ba ta cin yaji, Toba kuma tana ɓoye ciwo, sai an matsa mata take faɗi.

Ka gaida Rahma da yara, Ezra da Mozel, da Kawu Menashe da iyalinsa. Kada ka sake rubuto wa Baba ko aya ɗaya, na roƙe ka. Takardar nan zan ɗinke ta a cikin rigar Toba, in ka karanta ta, to sun iso. Na ji kana shirin kai ɗaya daga cikin 'ya'yan nan nawa gidan surukanka saboda ƙarancin wuri. Kul! Ko a ƙasa ne ka shimfiɗa musu tabarma ɗaya. Na rabu da su ne don kada a raba su, wanda duk ya raba su kuwa, ko kai ne, ban yafe ba.

Ƙanwarka,
Farha