Bakin Rashidatu Ya Rufe a Ajin Faransanci

Tudun Wada, Minna.

Zuwa ga ɗana Rilwanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a can Kwatano. Mu nan alhamdu lillahi. Babanku yana Kuta wajen doya, ƙafata kuma tana nan yadda ka bar ta, yau sauƙi gobe kumburi. Na rubuto ne saboda in na kira ka, kullum sai ka ce kana tashar jirgin ruwa, za ka kira anjima.

Maganar ƙanwarka Rashidatu ce. Kai ka sa mata son Faransanci, kai ka ce ta ɗauke shi a makaranta, ka kuma yi alkawarin yi mata karatu ta waya kowane mako. Ka fara, ka bari. Alkawari kaya ne, Rilwanu, kuma da ka yar da naka, a kaina ya faɗo. Kullum bayan la'asar nakan ajiye ɗinkina in zauna da ita. Malamarsu, Malama Liyatu, ta koya musu tafa hannu suna rarraba kalma gaɓa-gaɓa. Haka muke yi, tana tafawa ina tafawa, har maƙwabta suka aiko tambaya ko biki ne ba a gaya musu ba. Na gane cewa a Faransanci aikatau, wato kalmar aiki, yana da gindi wanda ba ya motsi, da wutsiya mai canzawa gwargwadon wanda ya yi aikin, ni ko kai ko mu ko su. Wannan bai gagare ni ba, ai na yi sakandare. Furucin ne ya kayar da ni. Ni abin da aka rubuta nake karantawa. Na ga parlent, wato suna magana, na raba mata shi gaɓa biyu, na faɗe shi har ƙarshe. Ashe tafi ɗaya ne, wutsiyar rubuta ta ake yi, ba a faɗa. Parlons kuma, wato muna magana, sai an bi da shi ta hanci. Mutanen da za su rubuta abu su ƙi faɗarsa, ban san inda suka koyi amana ba.

Ta karanta a aji yadda muka yi a gida, yara suka yi ta dariya. Tun ranar ta rufe bakinta. Malama Liyatu ta zo har gida, ta ce a rubuce babu wanda ya kai ta, amma akwai gwajin baki kafin hutu, kuma wanda ya yi shiru za a cire shi daga ajin. Ta ce abin da yarinyar ke buƙata shi ne ta riƙa ji daga bakin wanda yake cin abinci da harshen. Ita kuwa Rashidatu cewa ta yi a cire ta, ai ko Yaya ma ya gaji da ita. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro.

Na gaji, ɗana. Hannuwana sun gaji da tafi, kuma na kai inda sanina ya tsaya. Ba atamfa nake nema a wurinka ba. Ranar Lahadi bayan la'asar ka kira, zan miƙa mata wayar in fita in ba ku wuri. In ba ka kira ba, ranar Litinin zan taka da wannan ƙafar in je in ce wa malamar ta cire ta, kuma in ta tambayi dalili, sunanka zan faɗa.

Ka gaida mini matarka Kafayatu, ka shafa mini kan jikana Abdulhafiz. Rashidatu ba ta ce a gaishe ka ba, ni kuma ba zan yi mata ƙarya ba.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.