Foldar Muryar Babanku

Ni ce mahaifiyarku. Ina cikin hankalina, ba wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafu ne suka gaza, kai yana nan daram. Shekara talatin ina buga wa mutane takardu a ofis, yau bari in buga tawa.

1. Kwamfutar ɗakina ta Auta ce. Firinta kuwa ta Babba, idan zai iya da halinta, don sai an daki gefenta take jan takarda. Kalmar sirri tana manne a cikin aljihun tebur na biyu.

2. Kada a goge komai a kwamfutar sai an raba ta da manhajar da Auta ta saka mana, wadda ke haɗa foldar gida da ma'ajiyar intanet da kwamfutocinku. Abin da aka saka nan yana bayyana can. Abin da aka goge nan yana ɓacewa ko'ina, kuma ba ta tambaya ko da gangan ne.

3. Sai maganar hirarrakin babanku da aka ɗauka a shekararsa ta ƙarshe, waɗanda suka ɓace. Babba, ka ce Auta ce, tunda ita ta kawo manhajar. Yau shekara uku ko gaisuwa babu tsakaninku. Idan ta hango motarka a ƙofar gida, juyawa take yi.

Ni na goge. Wata safiya kwamfuta ta ce wuri ya cika. Na ga foldar ta fi kowace nauyi, na ce ai tana can intanet a ajiye, na goge ta. 'Yar alamar manhajar ta juya, ta koma kore, na tashi na ɗora shayi. Kwana talatin ɗin da ake iya dawo da abu sun wuce kafin wani ya lura. Ranar da ka ɗaga mata murya ina zaune, kunya ta ɗaure min baki, na yi gum.

4. Watan jiya ina tattara takardu na gano manhajar tana rubuta sunan kwamfutar da ta goge kowane abu. Tawa ce a rubuce, har da rana da lokaci. Auta, ke kika saka ta, kin san inda ake dubawa. Tun makon farko da aka gano ɓatan kin sani, kika shanye. Ki yafe min, 'yata.

5. Babba, ba ta waya ba. Ka taka da ƙafarka har gidanta, ka zauna ƙasa, kada ka jira a yi zaman makokina.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuriyarku. Ku riƙe juna. Muryar babanku ta tafi, tawa ma tana hanya. Saura taku ku biyu, ku yi wa juna magana.