Mahaucin da Ke Tsoron Kitsen Jikinsa

Malama, ki taimake ni, tsoro ya hana ni sakat. Ni mahauci ne a kasuwar Jega, shekara ashirin da biyu ina fawa. Mahaifina da yayana Lawali duk sun ajiye tumbi, duk kuma a rumfa suka yanke jiki suka faɗi, ba wanda ya kai sittin. A gidanmu kitsen da ya saura bayan an tashi kasuwa ba a sayarwa, gasawa muke mu cinye. Yanzu nawa tumbin ya fito, har ana cewa na samu duniya.

Ɗiyata Mubina tana karatu a Aliero. Ita ta ce min akwai wasu ƙananan abubuwa a jiki, wai RNA, aikinsu ba da umarni: wannan ƙwayar halitta ta zama kitse, waccan ta dakata. Tun ranar, in na farke bijimi na ga kitse ya naɗe zuciyarsa, sai in tuna da tawa. Na ce ashe an riga an yanke min hukunci. Na sayi wani gari wurin mai magani a Maiyama, ya rantse yana kashe RNA ɗin. Wata biyu ina sha. Ƙishirwa ba ta barina, yatsun ƙafata sun mutu, makon jiya na taka wuƙa ban sani ba sai da na ga jini. Lokacina ne ya yi?

Mai Fawa, Jega

Malam Mai Fawa, Mubina ta faɗi gaskiya, kai ne ka ɗauki rabin maganar. RNA ɗin suna nan, wasu na tura ƙwaya ta zama kitse, wasu na riƙe ta, gado ma yana da hannu. Amma umarni ba hukuncin kisa ba ne. Masana kansu bincike suke har yanzu, galibi a kan ɓeraye, balle mai sayar da garin magani a leda. Zubar da garin yau.

Ƙafarka ce ta tayar min da hankali. Ƙishirwa da mutuwar yatsu kan zo tare da ciwon suga, kuma rauni irin naka yana iya cinye ƙafa. Rufe rumfa gobe ka tafi asibiti da Mubina, a auna suga da jini, a duba raunin. Kitsen da kuke gasawa kuwa, na san gadon gida ne, amma ka ga inda ya kai mutum biyu.

Ciwon bijimi sai an yanka kake ganinsa. Naka ana iya gani kana tsaye da ƙafarka. Allah ya ba ka lafiya, ya bar wa Mubina ubanta.